Shekarar da Na Hana Baba Irinsa

Na san abin da aka gaya muku. Baffanku Sule, Allah ya jiƙansa, ya sha faɗa a gabanku cewa ubanku ne ya hana Kaka irin masararsa, tsoho yana roƙo da bakinsa, har idonsa ya rufe da ɓacin ran nan a zuciyarsa. Ban taɓa tanka masa ba yana da rai, don ƙanena ne, kuma rabin maganar gaskiya ce. Na hana ɗin. Amma tunda yanzu kun girma, wasunku har sun fara aurar da nasu 'ya'yan, ni kuma gwiwoyina sun ƙi kai ni ko bakin titin Ɗan Iya balle Miri, bari in ba ku ɗaya rabin tun ina da bakin faɗa.

Sana'ar Baba ɗinkin hannu ce, irin wanda ake zama a zauren gidanmu na Ƙofar Ran a shafe wata ana zuba aiki a ƙirjin babbar riga guda. Amma in kana so ka ga haƙoransa, yi masa maganar gona. Gonarsa tana Miri, ya gaje ta wurin mahaifinsa, kuma tare da ita ya gaji wani irin masara da mu a gida muke kira 'Yar Gida. Ƙwayarta fara, totuwarta ja, ɓawonta kuma yana rufe bakin goyon ruf har ya yi tsini, tsuntsu ba ya samun ƙofa, ƙwaro ma sai ya sha wuya. Ba wata albarkar a-zo-a-gani gare ta ba, amma tuwonta ya kwana bai saki ba, kuma Baba ya ce da ita aka yaye shi. Kowace kaka shi da kansa yake zaɓen iri. Sai a zube masarar a tsakar gida, ya zauna a buzu, ya riƙa ɗaga goyo ɗai-ɗai yana auna nauyi a tafin hannu. Manya-manyan ya ware, ya ƙulla ɓawonsu biyu-biyu, a rataye a saman murhun Inna inda hayaƙi zai kore musu ƙwari. Wadda ta fi duka girma ita kaɗai ake sa wa a maratayin tsakiya. Uwa yake ce mata, da ita ake fara shuka, kuma ko yunwa za ta kar mu ba mai taɓa ta. Na taɓa ganin Inna ta ɗirka wa Sule dundu don kawai ya zungure ta da muciya.

Ni kuwa karatu ya kai ni aikin gona na gwamnati, aka tura ni wata 'yar tashar gwajin iri mai fili a bakin hanyar Miri, ba nisa da gonar Baba. Shugabata mace ce 'yar kudu, mijinta yana da kantin magani a cikin gari. Mutanen Miri ba su wahalar da harshensu da sunanta ba, Madam Masara suke ce mata, ita ma haka take amsawa. Gajeriya ce, kullum da malafa da takalmin roba, Hausarta kuma duk namiji ce: ni shi, Inna shi, akuya shi. Ba ta da wasa a bakin aiki, amma ban taɓa ganin mutumin da yake duban tsiro da irin ladabin da take dubansa ba.

Ita ta buɗe min ido a kan abin da na tashi ina ci ban san shi ba. Ashe masara namiji da mace ne a kara ɗaya. Furen da yake fita a ƙoli shi yake zubo gari, gemun da yake leƙowa daga bakin goyo shi yake karɓa. A gona iska ce take ɗaura auren, ita kuwa ba ta tambayar asali, shi ya sa a goyo ɗaya kowace ƙwaya tana iya zama da ubanta daban. Aikinmu shi ne mu hana iska. Mu rufe furen da jakar takarda, mu rufe goyon tun gemu bai fito ba, da hantsi in raɓa ta bushe mu kaɗe garin a jaka mu zuba wa gemun wannan karan da kansa, mu sake rufewa. Abin da ta haifa mu shuka mu sake yi masa haka, damina a tudu, rani a fadama da ban-ruwa, shekara bayan shekara, har gaurayen da yake jininta ya tace, duk layin ya fito kai ɗaya. Daga cikin tatattun nan ake zaɓar iyaye, a haɗa biyu, a sami abin da kuke saya yanzu a leda kuna ce masa iri mai aure. Sai dai wajen tacewar masara ramewa take yi. Ta gajarce, karanta ya sirance, goyonta ya koma abin tausayi. Mutanen Miri in sun wuce a kekunansu sai su rage gudu don su yi dariya sosai.

"Sannunku da aiki, masu sa wa masara hula! Yaushe za ku ɗinka mata riga?"

Tun farkon zuwana na roƙi Baba ya ɗiba min 'Yar Gida mu sa a gwaji. Da murnarsa ya ba ni, cike da hula, har yana gaya wa abokan zamansa a zaure cewa gwamnati ta aiko neman irinsa. Ban yi masa bayanin abin da za a yi mata ba, shi ma bai tambaya ba. Da ya tambaya ɗin ma ban san ta inda zan fara ba, don ni kaina a lokacin bin Madam kawai nake yi.

Shekarar da nake so in ba ku labari ta fara ne da daminar da ta yaudari kowa. Ruwa ya sauka da wuri, mai yawa, ƙasa ta jiƙu har ƙasa. Baba ya sauke uwa da rabin irin ya shuka. Tsiro ya fito gwanin sha'awa, sai sama ta ɗauke ƙafa, rana ta ƙone shi ƙurmus. Da aka sake yin ruwa ya sauke sauran ya shuka, don bai taɓa ganin an yi yaudara sau biyu a damina ɗaya ba. Aka yi kuwa. Da ruwan gaskiya ya zo, saman murhun Inna wayam, sai baƙin hayaƙi da igiyoyi. Sule ya sayo masarar kasuwa aka shuka don kada gona ta kwana. Maƙwabtan da Baba ya taɓa ba irin duk sun daɗe da gauraya shi da na wasu. A duniyar nan kaf, 'Yar Gida ba ta rage ko'ina ba sai a wurina, a ɗan layin da muka raya da ruwan bokiti, shi ma ɗan abin da ya bayar bai cika tafin hannu biyu ba.

Bayan kaka Baba ya aika a kira ni. Na same shi a zaure da riga a cinya, yana ta kai zare bakin allura yana kuskurewa, don tun lokacin idon ya fara yi masa hazo. Na karɓa na zura masa.

"Garba, ajiyata da take wurinku nake so. Ka ga abin da Allah ya yi."

Na ce to, zan kawo ya gani. Washegari na zo da goyo ɗaya a aljihun riga. A aljihu fa, ku ji da kyau. Na ɗora masa a hannu. Tsawonsa bai wuce ɗan yatsansa na tsakiya ba, ƙwayoyin tsilla-tsilla kamar haƙoran tsohuwa. Ya kai shi kusa da ido, ya juya, ya ga jar totuwa ta tsakanin ƙwayoyin, ya tabbata ita ce. Wallahi da gawar wani nasa na kawo masa, fuskar da zai yi ke nan.

"Innalillahi. Me ka yi mata?"

Na fara bayani, fure, gemu, iska, jakar takarda. Inna tana tsaye a bakin ƙofar cikin gida da tsintsiya. Ita ba ta kiran sunana, kasancewata ɗan fari, sai dai ta ce "kai wannan".

"Kai wannan, wato ita da kanta kuka yi ta aura mata kanta? Yo ko mutum aka yi wa haka ai ya lalace."

Baba bai yi dariya ba. Ya ce in kawo duk abin da ya rage. Zai shuka ta a tsakiyar masarar Sule in damina ta zo, ta sha iska cikin 'yan'uwanta, ta mayar da jikinta. Kuma ku sani, ba shirme ya faɗa ba. Da an yi haka, jikokinta za su yi tsawo, za su yi goyo. Sai dai ba ita ba ce kuma. Garin masarar kasuwa zai rufe ta ta kowane gefe, bayan damina biyu ko uku sai dai a riƙa tsintar jar totuwa jefi-jefi ana cewa ga alamarta. Shekarun da muka yi muna tace ta sun tafi, ita ma ta tafi. In kuma na riƙe ta, zan shuka ta a fadama a ranin nan, in ninka ta da hannu, in gwada ta da miji. Amma wannan ma ba tabbas. Tatacciyar masara ba ta da ƙarfi, ciwo kaɗan ko akuya ɗaya ya isa ya share ta. Na je wa Madam da maganar rabawa biyu. Ta zuba ƙwayoyin a faranti ta dube su, ta dube ni.

"Garba, in ka raba shi, Baba ba ya samu, kai ba ka samu. Amma irin babanka ne. Ni ba zan ce maka komai ba."

Ban taɓa jin haushin mutum don ya ƙi ba ni umarni ba sai ranar. Da ta ce na gwamnati ne, da na laɓe a bayanta. Ta bar ni da ubana.

Na koma zauren, na durƙusa, na ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba zan iya kawowa ba. Ka ba ni shekara guda."

A gidanmu ba a taɓa ce wa Baba a'a ba. Ko Inna, mai bakin nan, sai dai ta zagaya ta bayan gida ta ɓullo da abin da take so. Baba ya ɗauki rigarsa ya juya wajen haske, ya ba ni ƙeya.

"Na ba ka da hannuna, ka hana ni da bakinka. Tashi ka je."

Daga ranar bai ƙara dubana ba. Ba gaba ya yi da ni ba, Baba ya san hukuncin gaba. Kullum da safe in na biyo daga Ɗan Iya na durƙusa, zai amsa, "Lafiya lau," amma fuskarsa tana bango. Mahaifiyarku tana da cikin Hadiza a lokacin, ita take fama da ni, in zauna gaban tuwo in yi ta juya loma. Idon nasa kuwa kullum ƙara rufewa yake. Muka kai shi asibiti, likita ya ce irin wanda ba ya juyawa ne, sai dai a rage masa gudu. Kafin tsakiyar rani ya ajiye allura.

A fadama na shuka ta. Na kewaye wurin da ƙaya, na hana kaina sukuni. Wasu ba su tsiro ba, wasu sun tsiro sun mutu. Cikin waɗanda suka kai ga goyo, yawanci dole a mayar musu da garinsu don irin ya yawaita. Goyo biyu kacal muka iya warewa don aure, wato miji biyu za mu gwada, alhali tatattun layuka sun fi a ƙirga a filin. Nan ne aikin yake, zaɓen miji. Ni idona yana kan wani layi da muka tace daga masarar wajen Dass, wanda duk cikin ramammun nan shi ne mai ɗan kyan gani, ganye kore shar, kara tsaye. Ɗan Baba ne ni, na tashi ina ganin ana zaɓar babba. Madam ta ce to, a ba shi goyo ɗaya. Na biyun kuma ta ja ni can ƙarshen fili ta nuna min wani abu da ta zo da shi daga kudu, gajere, ganyensa a murɗe, ya karkace kamar mai ciwon baya. Na ce haba Madam, wannan ko akuya ai sai ta yi shawara.

"Ba shi za mu ci ba, Garba. Yaransa za mu ci. Na gwada shi da mata uku a baya, duk yaran sun fi shi. Kuma shi da masaran babanka ba su taɓa haɗa jini ba. Wancan mai kyau, maƙwabcinku ne, wa ya sani ko kakansu ɗaya. Abin da wannan ya rasa, wataƙila naka yana da shi. Abin da naka ya rasa, wataƙila yana wurin wannan."

Ranar da gemun ya fito na tsuguna, don sai an tsuguna ake kai wa gare ta, na buɗe hular, na kaɗa mata garin baƙon nan rawaya, na yi bisimilla na rufe. Na ce a raina, yau na aurar da 'yar gidanmu ga wanda ubanta bai sani ba.

Da damina ta kama muka shuka su a filin bakin hanya: layukan 'ya'yan mai kyau, layukan 'ya'yan karkatacce, can gefe kuma iyayen, kowa da layinsa. Makon farko ba bambanci. Daga nan sai na fara zargin idona. Duk safiyar da na zo sai in ga 'ya'yan karkataccen sun ƙara, ba ƙari irin na masara ba. Suka wuce gwiwa sauran suna idon sawu. Suka wuce ƙugu, suka wuce kafaɗa, suka wuce kaina, kuma dukansu kai ɗaya kamar an ja igiya an daidaita. Kara ya yi kaurin wuyan hannuna, ganye faffaɗa har baƙi-baƙi don kore. In ka shiga tsakiya rana ba ta samunka, sai sanyi da wata ƙara ƙasa-ƙasa ta ganye yana gugar ganye. 'Ya'yan mai kyau ɗin nan nawa kuwa suka tsaya masara kamar kowace masara, ba yabo ba fallasa.

Ni na shuka uwar, ni na shuka uban, ni na ɗauki garin da hannuna. Na san babu abin da aka ƙara, taki ɗaya, ruwa ɗaya. Amma sai in tsaya tsakanin layin iyaye da na 'ya'ya, in dubi wadda ba ta kai ƙuguna ba, in ɗaga kai in dubi abin da ya fito daga cikinta har hulata ta faɗi, tsigar jikina ta tashi. Ina wannan ƙarfin yake ɓoye duk shekarun da take ramewa? Na tambayi Madam, don na ɗauka a littafinsu an rubuta. Ta cire malafa tana fifita, ita ma kanta a sama.

"An rubuta kaɗan. Sauran, masu ilimi suna gardama har yanzu. Na gani sau da yawa, Garba, amma duk lokacin da na gani, sai in ji kamar ina coci."

Ni ma abin da nake ji ke nan, in ban da ni masallaci zan ce. Masu kekuna suka daina dariya. Sai su jingine keken su tsaya a bakin ƙaya, hannu a baya, ba mai cewa komai sai "Allah mai iko." Duk da haka ban iya kai labarin gida ba. A lokacin idon Baba ya rufe gaba ɗaya, sai an ja shi zuwa masallaci. In je in ce masa me? Zo ka gani?

Matan Miri masu kawo itace su suka kai wa Inna labarin. Wata safiya, masara ta bushe ana shirin karya, na durƙusa na gai da Baba na shiga ciki, ta tare ni a bakin murhu.

"Kai wannan, gobe ka samo mota. Kada ka ce masa komai, ni zan ji da shi."

Ina daga tsakar gida na ji su.

"In je in ga me? Da wane idon?"

"Da hannu, Malam. Shekara nawa kana zaɓen iri, na taɓa ganin ka auna da ido?"

Washegari ya shiga tasin da na samo. A bakin fili na kama hannunsa, rabona da taɓa shi tun ranar da na ɗora masa ɗan goyon nan a hannu. Na kai shi layin farko na ɗora tafinsa a kan kara. Ya damƙa. Ya sake damƙawa, kamar bai yarda ba. Ya bi shi sama da hannu, gaɓa bayan gaɓa, har hannun ya ƙare kara bai ƙare ba. Ya ɗaga sandarsa yana neman ƙoli, sandar ma da ƙyar ta taɓo furen. Ya matsa na gaba, haka. Na gaba, haka.

"Wannan dawa ce ko masara?"

"Masara ce, Baba."

Ya lalubo goyo a daidai ƙirjinsa, ya shafa shi daga gindi zuwa baki. Da yatsunsa suka kai kan tsinin nan, inda ɓawo ya rufe ruf, sai ya tsaya cak. Ya daɗe yana murza wurin. Sannan ya karye goyon, ya ɓare, ya bi layin ƙwayoyin da babban yatsa har ƙarshe bai sami giɓi ba. Ya sa gwiwa ya raba shi biyu, ya miƙa wajen da yake jin numfashin Inna.

"Hajara, totuwar wace iri ce?"

Inna, wadda ban taɓa ganin magana ta maƙale mata ba, sai da ta share ido da bakin gyale.

"Ja ce, Malam. Ja wur."

Ya yi ta faɗin "Allahu akbar" a hankali, ban san sau nawa ba. Ni ma ina tsaye hawaye yana zuba, ban damu da leburorin da suke kallo ba. Da ya natsu sai ya koma Baban da na sani. Ya shiga laluben goyo ɗai-ɗai yana aunawa a tafin hannu, har ya sami wanda ya gamsar da shi.

"Wannan ita za mu rataya."

Ga shi ya dawo gare ni, ga shi kuma dole in sake ce masa a'a. Na ce, "Baba, wannan ta ci ce, ba ta iri ba. In ka shuka 'ya'yanta warwatsewa za su yi, wani dogo, wani gajere, ƙarfin nan ya ragu. Kowace shekara sai an koma wurin iyayen an sake ɗaura auren. Su ake ajiyewa."

Na jira ya juya min ƙeya. Sai ya juya goyon a hannunsa.

"Tana nan? Ita kanta?"

"Tana nan, Baba. Bana ta yawaita."

"Kai ni."

Na ja shi zuwa gefen fili. Ya miƙa hannu a daidai ƙirji yana lalube, iska kawai yake kamawa. Sai da na riƙe hannun na yi ƙasa da shi, ƙasa, har ya sunkuya, sannan ya taɓa hular takarda. Ya tsuguna a gabanta da babbar rigarsa a cikin ƙasa. Ya shafa ɗan siririn karan, ya shafa ganyen, ya sami ɗan goyon da tsininsa. Da ita yake magana, ba da mu ba.

"Ashe duk wancan yana cikinki. Tun zamanin babana muna tare, ba ki taɓa faɗa ba."

Sannan ya juyo da fuskarsa wajena, sosai, karo na farko tun ranar zaure. Idanun suna kaina amma ba ni a cikinsu. Ya ɗaga hannu ya sami fuskata, ya shafa kumatuna da gemuna.

"Ka rame, Garba. Ina da sauran ido a lokacin, ban dube ka ba."

Abin da shekarar ta ci mana ke nan, kuma ba a biyansa. Watannin ƙarshe da Allah ya bar masa na gani, bango ya kalla da su. Fuskata ta ƙarshe da ya gani ita ce ta ɗan da ya ce masa a'a. Hadiza da aka haifa a tsakiyar daminar bai taɓa ganinta ba sai a hannu. In kun tambaye ni ko zan sake, zan sake, amma kada wani ya ce muku da sauƙi na yi. Har yau in na tuna ƙeyar nan tasa a zaure, abinci fita kaina yake yi.

Yana tsugune ya kama ɗan goyon, bai karya ba.

"Wannan ma za ka hana ni?"

Na ce, "Karya, Baba. Taka ce."

A mota manyan suna baya a cikin but, ita kuwa tana aljihunsa, hannunsa a kai. Da muka isa Ƙofar Ran bai tsaya a zaure ba, ya ce a kai shi wurin murhu. Ya zauna a kujerar Inna ya ɓare ɓawon ya mayar da shi baya, ya ƙulla shi da yatsun nan da suka saba da zare, ƙulli ɗaya ba kuskure. Inna ta dubi abin ta riƙe haɓa.

"Oh ni Hajara. Yanzu wannan 'yar mitsitsiyar za a rataya min a ka, baƙi su shigo su ce yunwa muke yi?"

Bai kula ta ba. Ya miƙo min. Na jawo turmi na kife na hau, na tsaya cikin baƙin hayaƙi da igiyoyin da suka shekara ba komai a jikinsu. Na ce, "A ina, Baba?"

"A tsakiya mana. Ina ake rataye uwa?"